Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Duk wanda ya san ni a Kazaure a 'yan shekarun nan, da jar motar ya san ni. Idan baƙo ya zo ofishinmu na malaman gona yana nemana, ba a wahalar da kai wajen kwatanta masa kamannina. Sai a ce ya leƙa gindin darbejiya, in ya ga wata jar aba ta lafe a ƙasa, to ina nan ban fita ba.

Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, sai dogon hanci da ya cinye rabin jikinta. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya in an ga dama. Ko ta girme ni ko mu zo sa'anni, ban samu wanda ya tabbatar min ba. An ce masu ita na asali don gudu da shan iska ranar hutu suka ƙera ta. Ni kuwa da ita nake zuwa aiki kullum, da ita nake cefane, da ita nake zuwa suna da jana'iza.

A garejin wani dattijon bakanike na same ta, mutumin Filato, wanda ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Babur ɗina na kai gyara. Ina zaune ina jira sai na hango wani abu a lulluɓe a bayan gareji, ni kuma Allah ya yi ni da son bin diddigi, ba na iya wuce abu a rufe. Na je na ɗaga gefen lulluɓin. Dattijon bai ko ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Malam, in ka buɗe ta, kai za ta bi." Wai wani baƙon injiniya ne ya riƙa kawo masa ita gyara tun bakaniken yana saurayi, da aikinsa ya ƙare ya tafi ya bar masa. Da tsufa ya kama bakaniken yana shirin komawa gida, sai ya aika aka kira ni. Bai saki mukullin ba sai da na yi ta zarya garejin yana nuna min halinta.

Tana da hali kuwa. Ba ta son a tashe ta da gaggawa. Da safe sai na ja wani ɗan maɓalli, na ɗan tattaka totur, na murza mukulli, sannan in zauna in saurare ta tana tari har muryarta ta washe. Tudun da ake yi a titi don rage gudu ba a hawansa kai-tsaye, sai a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba cikinta ya gurji ƙasa ka ji abin har cikin haƙoranka. But ɗinta ba ya cin buhun iri cikakke, sai rabi. Da damina rufin yana yoyo daidai gwiwata ta hagu, don haka na saba da zuwa taro ƙafar wando ɗaya a jiƙe. Idan kuma ta yi doguwar tafiya a rana, lagireto ya tafasa, ba abin da za a yi sai a kashe ta a jira ta huce.

Amma idan ta samu kwalta mai kyau da sassafe, na naɗe rufin, to a nan ne nake yafe mata komai. Ana zama a cikinta ne dab da ƙasa, sai ka ga duniya daga inda ɗan akuya yake ganinta. Gero ya fi ka tsawo, jaki ya fi ka tsawo, duwatsun hanyar Roni su yi ta tasowa a kanka. In na ci karo da garken shanu, cikkunansu nake kallo suna wucewa, wata saniyar ma ta sunkuyo ta shinshina hulata. Ranar kasuwar Babura wani mutumin Nijar ya zagaya ta a tsanake, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya tambaye ni da gaske ko nan gaba za ta ƙara girma.

Matsalar da ban hango ba ita ce ta mutane. A wajenmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ka ga dattijo a bakin hanya ka tsaya ka rage masa hanya, ka ga mata uku da kaya ka cusa su baya. Ni kuwa mutum ɗaya nake iya ɗauka. In na tarar da mutum biyu suna tsaye, ko wanne na ɗauka na ɓata wa ɗayan, in na wuce na ɓata wa duka. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya raɗa mata suna motar rowa, sunan kuma ya bi ta. Matata ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba. Sai dai duk safiya idan ta ɗora yara a kan acaɓa za su makaranta, takan tsaya ta ɗan dubi motar, sannan ta dube ni, ta koma ciki. Na fi jin wannan kallon a kan surutun baffa.

Sai kuma maganar Inna, wadda ita ce ma dalilin da ya sa nake wannan rubutu.

Ni ne ɗan farinta. Mu Fulani ne da muka zauna muka kama noma a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa wa kakata, a ɗakinta na tashi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi min magana kai-tsaye. In na je gaishe ta na durƙusa a ƙofar ɗaki, takan amsa ne tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. In da saƙo, sai ta juya wajen ƙanwata, autarmu, ta ce, "Ki ce wa ɗan tsohuwa a dubo min maganin ƙafa in an shiga gari." Ina tsugune a gabanta ina ji, amma sai auta ta maimaita min, ni kuma in ba auta amsa.

Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma abin yana ci min rai, gara in faɗa. Na yi aure, na haihu, na zama wanda manoma suke miƙe wa, amma ban san yadda muryar mahaifiyata take ba in da ni take magana. Ina jin ta tana raha da ƙannena, da na yi sallama sai rahar ta ɗauke. Ban san me take so ba, me take tsoro, yaya ta yi ƙuruciyarta. Tun ina yaro abin da nake so ke nan, ta dube ni ta faɗa min ko da kalma ɗaya ce da ba ta biyo ta bakin wani ba.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, likita a Kazaure ya ce za a iya yin aiki, amma sai jininta ya sauka, don tana da hawan jini, saboda haka sai ta riƙa zuwa awo a kai a kai. Auta ce ke rako ta a motar haya, har autar ta haihu ta zauna jego a gidanta a Babura. Sauran ƙannena sun yi nisa. Aikin ya faɗo kaina.

Ranar farko na faka a ƙofar gida, wata maƙwabciyarmu ta riƙo hannunta suka fito. Inna ta dafa motar, ta bi ta da laluben hannu tun daga hanci har wutsiya, ta zagayo ta ɗaya gefen. Ƙofar baya take nema.

"Ina bayan?" ta tambayi maƙwabciyar.

"Ba ta da baya, Inna. Nan za ki zauna."

"Ke kuma fa?"

"Ai ba wuri. Ku biyu ne."

Inna ta yi tsaye jim. Na ɗauka za ta ce a fasa. Sai ta gyara mayafi, ta sunkuya, ta yi ta sunkuyawa tana neman kujera har ta same ta can ƙasa. Ta ce wa maƙwabciyar, "Ashe a tabarma ake zama."

Muka kama hanya. Tunda nake ban taɓa zama kusa da ita haka ba, kafaɗarmu ta kusa haɗuwa, in na sa giya sai na janye gwiwar hannuna kada in taɓa ta. Ta juya fuskarta waje. Ba mai magana. Ni kuma don in gudu daga shirun sai na ƙara wuta ban sani ba, har muka faɗa wani rami, motar ta yi tsalle. Inna ta kai hannu ta bugi allon gaban motar, kamar yadda ake bugun gadon bayan saniya, ta ce, "Ke jar mota, ki ce wa mai tuƙa ki ba tsere muke yi ba."

Na yi ta maza na danne dariya. Na rage gudu, na dubi sitiyari na ce, "Ki ce mata an rage."

Shi ke nan, an samu 'yar aike. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wannan 'yar aiken ta fi auta iya aiki, don ba ta maimaitawa, ba ta ƙari, ba ta kai labari gida. Tun Inna tana aiko ta da gajerun saƙonni, a tsaya a sayi goro, a kauce wa rana, har ta fara ba ta labari.

A haka na san cewa tana yarinya ta yi kiwon maruƙa a gindin duwatsun Roni. Na san ta sha zuwa Kazaure a ƙasa da ƙwaryar nono a ka, ta kuma nuna wa motar inda wata kuka take da, wadda suke hutawa a gindinta, ko da yake idonta ba ya gani sosai, kwanar hanyar kawai ta gane. Na san ba namijin da yake fin ta gudu a rugarsu, kuma an taɓa dukan ta saboda ta hau bijimi. Ni da nake ɗaukar ta mace mai sanyi, ashe ba haka ba ne. Wata rana ma cewa ta yi, "Ke jar mota, an ce rufinki yana buɗewa. Ƙarya ne ko gaskiya?" Na tsaya na naɗe shi. Ta ɗaure mayafinta tam a haɓa, da muka hau kwalta ta ce a gaya wa mai tuƙi yau kam an yarda ya ɗan taka.

Ni ma na koyi aika tambaya. In na ce, "Ki tambaye ta yaya aka yi ta haɗu da Baba," sai ta ce, "Ki ce masa ba a tambayar wannan," can kuma ta faɗa. Kullum ina komawa gida da sabuwar tambaya a raina, ina ƙosawa ranar awo ta zagayo. Wata rana ita ta yi tambayar. Ta ce, "Ki tambaye shi ko ƙafar nan da ya karya a makarantar kwana tana masa ciwo in hadari ya haɗu." Ban taɓa sanin ta san na karye ba, don a lokacin ba ta aiko ba, ba ta zo ba. Na ce a gaya mata takan ɗan taɓa ni.

Sau ɗaya na yi kuskuren son kyautatawa. Ana ruwa, na ce kada rufin ya jiƙa ta, sai na aro babbar motar wani abokin aikina, matata ta biyo mu. Inna ta shige baya ta zauna kusa da surukarta, ta miƙe ƙafa. Daga ƙauye har asibiti, daga asibiti har gida, abin da ya iso gare ni ta bakin matata bai wuce a yi mata sannu da ɗawainiya ba. A ranar na gane cewa duk abin da nake samu, rashin kujerar baya ne ya ba ni shi.

To amma a daidai lokacin maganar sayarwa ta yi ƙarfi. Baffa ya samo dillali mai wata doguwar mota da za ta kwashe iyali har da kaya, ya ce za a yi musaya. Na ga fuskar matata ta saki, kuma ita ke da gaskiya. Ban da hujjar da zan iya furtawa. Ta yaya magidanci zai tsaya gaban baffansa ya ce ba zai rabu da mota ba saboda a cikinta ne kawai uwarsa take hira? Sai na ce a bari a gama aikin idon Inna. Na san da an gama, zuwa awo ya ƙare, motar ta tafi, mu kuma mu koma durƙuso a ƙofar ɗaki.

Jini ya sauka, aka yi aikin wajen ƙarshen damina. Da aka cire mata bandeji aka ba ta wani baƙin tabarau, aka ce kada ta cire shi a rana. Muka fito za mu gida. Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo, karon farko da ta gan ta sosai, ta ce, "Ashe haka kike. Na ɗauka kin fi haka kyau." Ta sa aka naɗe rufin. Haka muka ratsa Kazaure, tsohuwa da baƙin tabarau a buɗaɗɗiyar jar mota, 'yan acaɓa suna ɗaga mata hannu tana amsawa.

Ta yi ta kallon hanya tana gaya wa motar abin da take gani, gero ya yi kai, gyaɗar wancan ta fi ta wancan. Ni kuwa zuciyata ba daɗi, don na san wannan ce tafiyar ƙarshe. Hankalina bai kai kan allurar da ke nuna zafin inji ba sai da tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Na gangara gindin wata tsamiya na kashe ta. Ba gida kusa, ba mai wucewa, sai kukan kurciya.

Inna ta ɗan bugi allon gaban ta ce, "Ke kuma lafiya?"

Na manta kaina. Na ce, "Inna, zafi ta yi, sai ta huce. Yanzu ko an yi mata magana ba ta ji."

Sai da maganar ta fita na gane da wa na yi ta. Na sha jinin jikina, na kama goge sitiyari da hannun riga. Muka zauna, injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

Can ta ce, "To ai kai kana ji."

Na saki sitiyarin.

Ta ce, "Da aka kai ka ɗakin tsohuwa, ka yi ta kuka. Ni kuma ba dama in zo, sai a ce ba ni da kunya. Akwai wata ɓula a dangar bayan ɗakinta. Kullum in na ce zan je ɗebo itace, can nake zuwa in tsaya. Ta nan na ga ka fara gudu, ta nan na ga ranar da aka yi maka aski za ka makaranta. Da ka girma ka fi ƙarfin ɓular, sai na koma kallon bayanka in ka tashi za ka tafi. Daga baya kuma idon ya rufe."

Ta kai hannu ta cire tabarau.

Na ce, "Inna, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Juyo."

Na juyo. Idon da aka yi wa aikin ya yi ja yana ɗan hawaye saboda haske, amma ba ta kau da shi ba. Ta dube ni tun daga hula har gemu, a tsanake, yadda ta bi motar da hannu ranar farko. Ni ne na kasa, na sunkuyar da kai, don na ji kuka yana taso min, ni magidanci mai 'ya'ya.

Ta ce, "Ashe ka yi furfura."

Na ce, "An ɗan jima da farawa."

"Ba wanda ya gaya min."

Motar tana nan har yau a gindin darbejiya. Na ba dillali haƙuri, baffa ya yi fushinsa ya huce. Matata kuwa na zaunar da ita na gaya mata duk abin da ya faru a gindin tsamiyar, sai ta ce in dai haka ne yara su ci gaba da hawa acaɓa kafin Allah ya hore wata, amma in gyara rufin. A gida Inna ta koma yadda take, ta bakin maƙwabciya nake samun saƙo, ko auta in ta zo. Sai dai yanzu ba ta rasa inda take son a kai ta, yau Babura ganin jika, gobe Roni gaisuwa, kuma ba ta taɓa cewa a zo da 'yar rakiya ba.

A ranar gindin tsamiyar dai, da na ga tururin ya daina, na fita na taɓa bonet na ji ya yi sanyi. Na ƙara ruwa a lagireto daga jarkar da nake yawo da ita, na dawo na zauna na kama mukulli. Na ce mata ta huce, za mu iya tafiya.

Inna ta mayar da tabarau ɗinta, ta jingina da kujera. Ta ce, "Bar ta ta ƙara hucewa."